Akori-kurar Manomi: Sayi Wadda Garinku Zai Iya Riƙewa

Ya kai ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, duk wanda ya san ƙasar Kontagora ya san cewa aikin noma ba ya ƙarewa ranar da aka ɗinke bakin buhu. Masarar da aka girbe a ƙauyukan Mashegu, da dawa da waken suya na yankin Mariga, da gyaɗa da wake na Rijau da Magama, duk ba su zama kuɗi ba sai sun isa kasuwa. Tsakanin gona da kasuwa kuwa akwai hanyar burji, da rafuka, da kwalbatocin da ruwa ya zaizaye, da kuɗin mota wanda yakan hau daidai lokacin da kowa ke neman fitar da amfaninsa. Wannan ne ya sa idan kaka ta yi kyau, manoma masu ƙarfi da ƙungiyoyin gama-kai sukan fara shawarar mallakar akori-kura tasu ta kansu. Sabuwa dai ta fi ƙarfin mafi yawanmu, balle tun da aka saki darajar naira ga kasuwa a watan Yunin 2023, saboda haka hankali yakan koma ga wadda aka riga aka yi amfani da ita.

Kuɗin da za a zuba a wannan ciniki guminka ne na damina biyu ko uku, wani lokaci har da shanun noma ko bashin banki. Don haka zan faɗi ra'ayina tun daga farko. Tsohuwar motar da manomi zai dogara da ita ita ce wadda garinsu zai iya riƙewa: wadda makaniken Kontagora ya san cikinta, ake samun kayan gyaranta a kusa, takardunta suka cika, aikin da za ta yi kuma zai iya ciyar da ita. Sunan kamfani da ƙyallin fenti suna zuwa ne bayan waɗannan huɗu.

Darasin da tsohuwar Peugeot ta bar mana

Manya daga cikinku za su tuna zamanin da akori-kurar Peugeot 404, daga baya kuma 504, take riƙe da jigilar amfanin gona a Arewa baki ɗaya. Kamfanin haɗa motocin Peugeot da ke Kaduna ya fara aiki a 1975, ya kuma daɗe yana fitar da 504 bayan an daina ƙera ta a Faransa. Motar tana da ƙarfi, amma abin da ya sa ta yi shekaru tana aiki shi ne injinta mai sauƙi ne, kowane gareji na bakin hanya ya san ta, kayanta kuwa daga Panteka a Kaduna har Ƙofar Ruwa a Kano ba a rasa su. Idan ta tsaya a kan hanyar Tegina, yaron makanike ma zai iya tayar da ita.

Da aka daina haɗa ta a cikin shekarun 2000, kayan gyara na ainihi suka fara wuya, jabu suka cika kasuwa, makanikan da suka ƙware a kanta suka tsufa, yaransu suka koma kan motocin Japan. Motar ba ta canza ba, amma abin da ke riƙe da ita ya janye, sai ta fara zama nauyi ga mai ita. Wannan darasi ne da ya shafi kowace mota da za a nuna maka yau, ko Toyota Hilux ce, ko Mitsubishi L200, ko Nissan, ko Isuzu, ko Ford Ranger.

Saboda haka cinikinka ya fara daga gareji kafin ya kai wurin dillali. Ka zaga garejin garinku da shagunan masu sayar da kayan gyara, ka tambaya: wace akori-kura kuka fi gyarawa? Idan famfon ruwanta ko farantin kulocinta ya lalace, yau za a samu, ko sai an aika Minna, ko Kaduna, ko Ladipo a Legas? Motar da sai an jira mako biyu kafin kayanta su iso, ta kwana biyu a gareji a tsakiyar kaka, ta riga ta ci ribar shekara. Kuma ba sai na tuna maka halin tsaron da wasu hanyoyin yankinmu suka shiga a shekarun nan ba. Motar da ta mutu da la'asar sakaliya a tsakiyar daji ba kaya kaɗai ta jefa cikin haɗari ba, har da ran direba da yaran mota.

Fara da aikin da za ta yi

Kafin ka kalli kowace mota, zauna ka rubuta aikin da kake nema mata. Buhu nawa kake fitarwa a shekara? Daga ina zuwa ina? A wane wata? Hanyar gonarka tana da taɓo da damina, ko da rani kawai ake jigila?

Yawancin irin waɗannan motoci an ƙera su ne domin ɗaukar kaya kimanin tan 1, wato buhu 10 masu nauyin kilo 100, kuma nauyin mutanen da ke ciki yana shiga lissafin. Mai ƙofa huɗu, wadda ke da kujerun baya, bodinta gajere ne, abin da take ɗauka kuma bai kai na mai ƙofa biyu ba, ga shi ta fi tsada domin manyan mutane da ma'aikatu suna son ta. Manomin da buhu zai ɗauka, mai ƙofa biyu da dogon bodi ta fi masa. Wanda ya biya ƙarin kuɗi domin kujerun baya da gilashi mai lantarki ya sayi ado ne da kuɗin taki.

Haka batun mai ja da ƙafa huɗu. Idan gonarka tana cikin fadama, ko sai an ratsa rafi da laka wajen kai taki a watan Yuni da Yuli, ƙarin kuɗinta halal ne. Amma ka sani tana da ƙarin giya, da ƙarin farfela, da aksul na gaba, kowannensu abin lalacewa ne, tana kuma shan mai fiye da mai ja da ƙafa biyu. Idan yawan tafiyarka a kan kwalta ne, daga Kontagora zuwa Yawuri, ko Rijau, ko Tegina, to mai ja da ƙafafun baya mai tayoyi masu kyau ta ishe ka.

Akwai kuma wanda lissafinsa zai nuna masa cewa akori-kura ba ita ce maganinsa ba. Mai fitar da buhu ɗaruruwa a lokaci ɗaya, Kanta ko babbar mota ta haya ta fi dacewa da shi. Mai kayan lambu da ke kai kwanduna kasuwa kullum, ƙaramar mota irin Hijet ko babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya zai yi masa da kuɗi kaɗan. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Fetur ko gas?

Injin gas yana da ƙarfin ja, yana kuma tafiya mai nisa da lita ɗaya fiye da na fetur. A da, lokacin da gwamnati ke tallafa wa fetur, tazarar farashi ta sa mutane da yawa sun guje shi. Tun da aka cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin ya sauya, don haka sai ka auna da farashin ranar da za ka saya. Sai dai akwai abin da ya fi farashin lita muhimmanci, shi ne irin injin.

Tsofaffin injinan gas, irin su 3L da 5L na Toyota, masu sauƙin sha'ani ne, makanikai da yawa sun saba da famfonsu da nozul ɗinsu. Na baya-bayan nan, irin su 2KD da 1KD da suka zo a Hilux ta 2004 zuwa 2015, na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa su, suna fesa mai da matsin lamba mai tsanani. Suna da ƙarfi da tattalin mai, amma ba sa jure gas ɗin da aka gauraya da kananzir ko wanda ruwa ya shiga. Jarka ɗaya ta gurɓataccen mai daga 'yan bumburutu tana iya kashe nozul huɗu, kuɗinsu kuwa ya isa noma eka da yawa. Injin fetur na 2TR, mai lita 2.7, wanda ke cikin yawancin Hilux ɗin da ma'aikatu suka yi amfani da su a ƙasar nan, yana shan mai, amma yana da haƙuri, sarƙa ce ke juya taiminsa ba bel ba, kuma kusan kowane gari akwai wanda ya iya shi.

Ra'ayina shi ne, in ba ka da gidan mai amintacce da makaniken da ke da na'urar binciken inji a kusa da kai, ka tsaya kan injin fetur ko tsohon injin gas. Idan kuma ka sayi mai bel ɗin taimin, ka canza bel ɗin tun makon farko. Ana canza shi ne tsakanin kilomita 100,000 zuwa 150,000 gwargwadon irin injin, kai kuwa ba ka san yaushe aka canza na ciki ba. Idan ya tsinke mota tana tafiya, injin ne gaba ɗaya zai tafi.

Daga ina motar ta fito?

Tsofaffin motocin da ke kasuwa kashi uku ne, kowane da irin ciwonsa.

Na farko, waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen waje, da ake kira tokumbo ko 'yan Beljiyam. Sau da yawa injinsu da cikinsu suna da kyau. Amma a ƙasashe masu ƙanƙara ana watsa gishiri a kan titi, gishirin nan kuma yana cin shasi daga ciki. Abin ya taɓa kai wa ga a 2016 kamfanin Toyota ya amince ya duba, ya kuma canza shasin wasu motocinsa a Amurka, cikinsu har da Tacoma ta 2005 zuwa 2010, saboda tsatsa. Wasu kuma motoci ne da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu, aka gyara fuska aka turo mana. A cikin wannan kashi akwai waɗanda aka ƙera da sitiyari a dama aka juya shi hagu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun ranar 2 ga Afrilun 1972, shi ya sa ake juya su, juyin kuwa sau da yawa yanka ne da walda a wurin da ran mutum ya rataya. Irin wannan ko kyauta ce, a bar ta.

Na biyu, waɗanda ma'aikatu, da bankuna, da kamfanonin gine-gine, da ayyukan raya karkara suka yi gwanjonsu. Wadda ta fito daga inda ake rubuta tarihin gyara, aka kuma nuna maka littafin, tana cikin mafi kyawun abin da za ka samu. Amma akwai wadda direbobi goma suka yi ta karɓa-karɓa a kanta, ko wadda ta shekara uku a jibge a harabar ofis ana zare mata kaya.

Na uku, waɗanda 'yan'uwanmu suka yi aikin kasuwa da su. Amfaninsu shi ne kana iya sanin mai motar, ka tambayi makanikensa da 'yan tasha. Illarsu kuwa lodi. Motar tan 1 da ta shekara biyar tana ɗaukar buhu 20 ta tsufa fiye da shekarunta. Ka kuma tuna cewa ambaliya ba a Turai da Amurka kaɗai take ba. Ruwa ya shanye motoci a Maiduguri a watan Satumban 2024, haka a Mokwa, nan cikin jiharmu, a watan Mayun 2025.

Yadda za ka duba ta

Gani ya kori ji. Kada ka biya ko kobo a kan hoton waya. Ka tafi da makanikenka, wanda kai ne za ka sallame shi, kuma shi ne zai ci gaba da gyaran motar. Makaniken da dillali ya kawo, la'adarsa tana cikin cinikin. Ku je da safe, da hasken rana, kafin a tayar da injin. Idan ka taɓa bonet ka ji ɗumi, ka ce za ka dawo gobe, domin injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona asirin kansa.

Ku fara daga ƙasa. A hau da ita kan ramin gareji, a bi shasi da tocila daga gaba har baya, ana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji shi dum, ko ya ɓarɓashe. A lura da walda ko facin ƙarfe, musamman tsakanin kan mota da bodi da kuma inda sifirin ya kama, domin nan ne lodi ke karya mota. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne. Inji ana sauke shi a sa wani, giya ma haka, amma motar da shasinta ya karye ko ya karkace ta gama aiki.

A ƙirga ganyen sifirin na baya. Idan an ƙara ganye biyu ko uku, shaida ce an yi ta ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ƙarin sifirin yana hana mota durƙusawa, amma ba ya ƙara wa birki, ko aksul, ko taya ƙarfi.

Sannan a koma kan inji. A buɗe murfin baƙin mai, idan an ga abu kamar madara ko kunu, ruwa yana haɗuwa da mai. A buɗe lagireto tun injin yana da sanyi, a tayar, a duba ko ruwan yana kumfa ko akwai maiƙo a samansa, wannan alamar gasket ya ƙone ne ko kan injin ya tsage. A tsaya bayan salansa: hayaƙi shuɗi yana nufin injin yana cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi ruwa ne, baƙi ƙirin a injin gas kuwa famfo ne ko nozul. Idan an kunna makulli, fitilun gargaɗi su kama duka sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don a ɓoye ciwo.

Kada ka gaskata lambar kilomita da ke kan allo, domin ana mayar da ita baya. Dubi yadda robar birki da ta kuloci suka suɗe, da sitiyari, da kujerar direba. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, a leƙa ƙarƙashin kujeru da cikin akwatin fis. Busasshiyar laka, da tsatsa a kan kusoshin kujera, da warin ruɓa, duk sawun ambaliya ne, wayoyin irin wannan mota kuma ba sa daina ba da wahala.

A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Alal misali 2319 tana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa tana fashewa a kan kwalta mai zafi ko da zanenta bai cinye ba. Ka tabbatar tayoyin na ɗaukar kaya ne, ba na ƙaramar mota ba, in kuwa sai an canza su, a cire kuɗinsu daga farashi. Idan gefe ɗaya na tayar gaba ya fi cinyewa, a binciki ƙafar gaba da shasi.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda dillalai ba su so. Mota ce ta kaya, don haka a gwada ta da kaya. A ɗora mata buhu 8 ko 10, a hau kwalta, a sauka burji, a nemi hawa. Idan injin yana kuka amma gudu ba ya ƙaruwa, kuloci ya ƙare. A saurari kukan aksul na baya, a ga ko giya tana fita da kanta, a taka birki a ga ko tana fizga gefe, a sa ido kan allurar zafi na tsawon rabin sa'a ko fiye. In mai ja da ƙafa huɗu ce, a sa giyar a kan ƙasa ko yashi a tabbatar tana shiga tana fita. Mai motar da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Takardu

Mota mai lafiyar inji da gurɓatattun takardu ba taka ba ce, ajiya ce kake yi wa hukuma. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, irin hanyar Kwatano da aka saba, amma masu fasa-ƙwauri ba su daina ba, ana kuma buga takardun fito na jabu. Jami'an kwastan suna iya ƙwace mota a hannun wanda ya saya ko da bai san yadda ta shigo ba. Ga kuma motocin sata, waɗanda akori-kura mai farin jini tana cikin abin da ɓarayi suka fi nema.

Lambar shasi, wadda a motocin zamani take da haruffa da lambobi 17, dole ta zama iri ɗaya a jikin ƙarfen shasi, da kan farantin kamfani, da cikin kowace takarda. In ka ga alamar goge ko sabon bugu a wurin, ka tashi. Ka kai takardar fito ofishin kwastan a tantance, ka je ofishin lasisin motoci da wurin 'yan sanda a duba sunan mai ita da ko an taɓa kai rahoton sace ta. Motar gwanjo sai da takardar gwanjon daga hukumar da ta sayar. A rubuta yarjejeniyar ciniki da sunan mai motar na ainihi, da shaidu, da hoton katin shaidarsa, a biya ta banki domin ya zama hujja, sannan a canza sunan mallaka ba tare da jinkiri ba. Inshora ma a yi ta gaske. Daga Janairun 2023 mafi ƙarancin inshorar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, na motar kaya ya fi haka, kuma 'yan sanda sun fara tsananta binciken ta daga 1 ga Fabrairun 2025. Takardar da aka buga maka a bakin tasha da rabin kuɗi ba za ta biya kowa ba ranar haɗari.

Shin za ta ciyar da kanta?

Wannan ita ce tambayar da aka fi tsallakewa. Mota tana ci ko tana aiki ko tana kwance: lasisi, inshora, albashin direba, batir, taya, juyen baƙin mai. Jigilar amfanin gonarka kuwa wata biyu ne ko uku a shekara. Ka lissafa abin da ka biya na haya a shekarar da ta wuce, na taki da iri da ma'aikata da fitar da amfani. Ka lissafa abin da motar za ta ci a shekara, har da faɗuwar darajarta. Idan na biyun ya fi na farkon, to sai ka san aikin da za ta yi a sauran watanni, kamar jigilar ranakun kasuwa, ko kai kayan noman rani, ko ɗaukar amfanin maƙwabta. In babu wannan, haya ta fi maka, kuɗin kuma ka sa a taki da ingantaccen iri da rumbu mai kyau.

Kada kuma ka ƙarar da kuɗinka duka a kan farashin saye. Babu tsohuwar motar da ba ta da abin gyara a watanninta na farko. Gara ka sayi wadda ta gaza burinka kaɗan ka rage abin taya, da birki, da bel, da juyen mai, da ka sayi ta alfarma ka rasa kuɗin zuba mata fetur. Lokacin saye ma abin lura ne. Wanda ya saya da rani yana da sararin gano ciwonta ya gyara kafin jigilar taki ta taso.

Ga ƙungiyoyi, malamin gona, nan ne aikinka ya fi yawa. Motar kowa da kowa ita ce ta fi saurin mutuwa. Kafin a saya, a rubuta doka: direba ɗaya tak, littafin da ake rubuta kowace tafiya da man da aka sha, kuɗin haya da kowane ɗan ƙungiya zai biya har da shugaba, kaso na musamman da ake ajiyewa a banki domin gyara, da iyakar buhunan da za a ɗora wadda ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce, ai Hilux ba ta mutuwa, a saya kawai. Gaskiya ne motar ta yi suna tun fitowarta a 1968, kuma yawanta a ƙasar nan ya sa kayanta da makanikanta suka wadata, wanda shi ne ma'aunin da nake kira a bi. Amma sunan nan ya sa ta fi tsada, ya sa aka fi yi mata kwaskwarimar yaudara, ya kuma sa an fi zaluntar ta da lodi. L200 ko Nissan da aka riƙe da amana, wadda kuma garinku ke da kayanta, ta fi Hilux mai karyayyen shasi.

Wani kuma zai ce duk wannan bincike ɓata lokaci ne, kafin ka gama wani ya saye. To, ya saye. Motoci ba su ƙare a kasuwa ba, amma kuɗin gumin damina uku in ya tafi, sai wata damina ukun. Gaggawar da dillali ke sa ka, da arahar da ta wuce hankali, su ne manyan alamun akwai abin da ake ɓoyewa. Araha ba ta ado.

Kammalawa

Ɗan'uwa manomi, jerin aikin a taƙaice shi ne: ka san kayanka da hanyarka, ka tambayi gareji kafin dillali, ka duba shasi kafin fenti, ka gwada ta da buhuna a kai, ka tantance takardu a ofisoshin hukuma, ka kuma rage kuɗin gyara a hannu. Bayan ta shigo hannunka, kada ka yi mata abin da ka ƙi saya saboda an yi wa wata, wato lodin da ya wuce ƙima. Sawu biyu da buhu 10 ya fi sawu ɗaya da buhu 20 da kwana a daji.

Kai kuma malamin gona, yadda kake raka manomi wajen zaɓen iri da taki, haka ya kamata ka zauna da shi da biro da takarda kafin ya zuba dukiyarsa a kan mota. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu gida lafiya.